Mokbul Saheb da Ginshiƙansa Masu Ladabi

Kowace safiya, kafin Mokbul Saheb ya zauna a kujerarsa, sai ya zaro sandar nuninsa daga aljihun gaba. Eriyar tsohuwar rediyo ce, irin mai shigewa cikin juna. Zai ja ta gaɓa-gaɓa har ta miƙe, ya ɗiga turare a hankici ya goge ta daga gindi zuwa kai, ya ɗaga ta wajen taga ya duba da ido ɗaya, sannan ya mayar. Sai bayan nan za a kawo masa shayi. Na yi shekaru teburina yana kallon nasa, ban taɓa ganin shayi ya riga sanda ba.

Shi ne jami'in ƙididdiga na gundumarmu, Hijoltola, kuma ba a taɓa yin irinsa ba. Wannan ba maganata ba ce, daga bakinsa na ji, shi kuwa ya fi ni sanin adadi. Sauran jami'an ƙididdiga sukan karɓi lambobi su jera a takarda su miƙa. Mokbul Saheb zana su yake yi. In ka ba shi yawan shinkafar da aka girbe, ko yawan kwalekwalen da ke da rajista, ko yawan agwagin da suka mutu da damina, sai ka dawo bayan kwana biyu ka tarar sun zama ginshiƙai masu inuwa, da da'irori da aka yayyanka kamar kankana, da layuka masu hawa da sauka suna rungumar juna. Mutum yakan tsaya a gabansu ya yi shiru. Shi kuma yakan karɓi shirun nan da tawali'u, kamar wanda ya saba.

Bimal Babu na sashen kifi ne ya sa masa suna Bakan Gizo Saheb. (Babu da Saheb laƙabin girmamawa ne a wajenmu.) Da sunan ya kai kunnensa muka zaci za a yi rigima. Sai ya aika aka sayo wa Bimal Babu singara mai zafi, irin samosar nan tamu, ya kai masa da hannunsa.

"Dada, ka yi ƙoƙari," in ji shi, yana kiransa yaya da harshenmu. "Amma bakan gizo launi bakwai kawai gare shi. Ka rage mini."

Abin da ya raba shi da sauran masu zane shi ne tarbiyya. Gundumarmu ƙananan hukumomi bakwai ce, kowace da jami'in da ke riƙe da ita, kuma kowa ya san wanda ya riga wani shiga aikin gwamnati. Da wannan ake zama a taro, da shi ake miƙa shayi, da shi ake tsayuwa in za a ɗauki hoto. Mokbul Saheb bai ga dalilin da zai sa ginshiƙi ya fi mutum rashin kunya ba. Saboda haka a kowane zane nasa, ginshiƙin yankin da babban jami'i ke riƙe da shi ne yake tsayawa a farko, na ƙanana su biyo baya, kowa a matsayinsa.

Wani lokaci Allah yakan ba yankin ƙaramin jami'i amfanin gona fiye da na babba. Wannan ba ya tayar masa da hankali. Sai ya matsar da ginshiƙin yaron baya, can nesa, inda komai yake ƙanƙancewa, ya bar na babba a gaba da inuwarsa mai kauri. Ba ƙarya ya yi ba. Nisa ne kawai.

Ba ya kuma rubuta suna a ƙarƙashin ginshiƙi.

"A liƙa wa babban mutum suna a ƙafa kamar buhun taki?" in ji shi. "Wanda bai san wa ke tsayawa a farko ba, me ya kawo shi ofishin gwamnati?"

Akwai shekarar da kifi ya yi ta raguwa a fadamunmu. Bimal Babu ya kawo masa lambobin shekara biyar, ya roƙe shi ya zana layi ɗaya mai gangarowa, don a aika Dhaka, babban birninmu, a nemi 'ya'yan kifi. Mokbul Saheb ya duba ya ga gangarowar ta fi tsanani a shekarar da Babban Saheb, shugaban gunduma, ya kama aiki. Ya yi tunani mai zurfi. Shekarar da Babban Saheb ya zo, ai ita ce babbar shekara, ita ta cancanci farko. Ya sa ta a farko, shekarun baya suka bi ta a jere. Layin da ke gangarowa sai ga shi yana hawa, kyakkyawa, kamar matakalar masallaci.

Daga Dhaka aka aiko wa Bimal Babu takardar yabo. Ya sa ta a gilashi ya rataye. Ya ce in ta yi ƙwai zai raba wa masunta.

Da kwamfuta ta shigo ofishinmu aka tura Mokbul Saheb Dhaka kwas a kan zana alƙaluma. Ya tafi da niyyar taimaka musu. Ya dawo ransa a ɓace.

"Sattar Bhai, yara ne," ya ce mini, yana juya cokali a shayi. "Yara masu matsattsen wando. Wai zane ɗaya, magana ɗaya. Na ce, gwamnati ta sayi takarda mai faɗin tabarma don ta faɗi magana ɗaya? Wai a fara ma'auni daga sifili. Na ce gundumarmu ba ta taɓa zama sifili ba, ko a shekarar babban ruwa. Wai kada launi ya wuce biyar. Kwamfutar nan launi dubu-dubu gare ta, sauran a bar wa wa? Wai a cire inuwa. Kai ka taɓa ganin abin kirki da ba shi da inuwa? Abu ɗaya kaɗai suka faɗa na hankali, wai a jera daga babba zuwa ƙarami. Na miƙe na ba yaron hannu."

Na kurɓi shayina.

"Ka ji wadda ta fi," in ji shi. "Wai a zana ɗan akwati a gefe, a rubuta ma'anar kowane launi a ciki, don mutum ya karanta da kansa ko ba na nan. Ko ba na nan! Likita yana rubuta magani yadda mai talla zai karanta?" Ya ɗora kan sandarsa a goshi. "Akwatin yana nan."

Na ce masa wuri ne mai kyau, ruwa ba ya taɓa shi.

Ana nan sai labari ya zo cewa kujera ta faɗi a babban ofishi na Dhaka, ta mai kula da zane-zanen da ake nuna wa manya. Mokbul Saheb bai ce yana so ba. Cewa ya yi yana tausayin ƙasar in aka ba wani. Matarsa, Rowshan Bhabi, ba ta tsaya tausayin ƙasa ba. Ta gaji da garin da ake shanya tufa ta kwana uku ba ta bushe ba, inda in za ka gaida maƙwabci da damina sai ka nemi kwalekwale. Tun kafin a ce komai ta ɗora babban kabad ɗinta na katako a mota, ta aika gidan yayanta a unguwar Mirpur ta Dhaka, ya jira ta a can. Duk wadda ta zo hira sai ta nuna mata gurbin da kabad ya bari a bango.

"Ba za mu daɗe a nan ba," takan ce. "Baban yara ne suke ta roƙo."

A shekarar ne ruwa ya sauko daga duwatsu da wuri, shinkafa saura kaɗan a yanka. Ya kwanta a kan gonaki, wasu wurare ko kan kara ba a gani. Aka sanar cewa babbar sakatariya, Dilruba Madam, za ta zo da kanta ta ga yankin da ya fi asara, don a fara kai masa iri. Aka kuma sanar, a hankali, a bakin shagon shayi, cewa ita ce mai sa hannu a kan kujerar nan ta Dhaka.

Mokbul Saheb ya rufe ƙofa ya kama zanen da zai nuna mata, ya hana kowa shiga.

Launi ne ya fara ba shi wahala, domin bai taɓa zana asara mai yawa haka ba, kuma mugun labari ba shi da launin da ya dace. Ja na amarya ne, ba a zuba shi a kan hasara. Rawaya na ranar shafa wa amarya kurkum ne. Baƙi kuwa, wane jami'i zai yarda a shafa wa yankinsa baƙi a gaban baƙuwa? Ya gwada fari, Bimal Babu ya leƙo ta taga ya ce a gidansu wannan na matar da mijinta ya mutu ne. Saura kore, launin tuta, wanda ba ya ɓata wa kowa rai.

Sai ya yi komai da kore. Gonar da ta nutse kore, wadda ta tsira kore, wadda ta nutse rabi kore, ta bara kore, ta bana kore. Kore goma sha tara, kowanne da sunansa. Akwai koren ganyen ayaba, da koren aku, da koren ɗanyen mangwaro, da koren gansakuka, da koren kwaɗo, da wani da ya ce koren kwaɗo ne amma na rani.

Yana tsakiyar aikin aka yi sauyi a Shalukpur. Jami'inta yaro ne, na shida a jere. Aka ɗauke shi aka kawo Anwarul Saheb, dattijo mai jan gemu, wanda ya riga kowa shiga aiki. Cikin yini ɗaya Shalukpur ta tashi daga ta shida ta koma ta farko, kowa ya matsa. Mokbul Saheb ya yi aikin gyara ba ji ba gani. Na ji shi ta bayan ƙofa yana ba ginshiƙai haƙuri.

Takarda ba ta iya ɗaukar zanen ba. Aka kai shi shagon da ke buga ƙyallayen biki da na 'yan takara. Da aka rataye shi a zauren taro ya cinye bango ɗaya, ya karya kwana, ya rufe taga biyu da ƙofar banɗaki. Zauren ya yi duhu mai sanyi, kamar ƙarƙashin ruwa. Babban Saheb ya shigo ya duba, ya ce madalla.

Dilruba Madam ta iso a jirgin ruwa mai inji, bakin sarin da ta ɗaura duk laka, domin ta tsaya a ƙauyuka a hanya. Mace ce ƙarama, ba ta da yawan magana. Ta zauna, jami'ai bakwai suka zauna kowa a matsayinsa, aka kawo shayi. Mokbul Saheb ya miƙe cikin kwat ɗin aurensa, ya ja sandarsa gaɓa-gaɓa. Ƙamshin turare ya cika wurin.

"Madam, abin da ke gabanki ba zane ba ne. Wasu suna zana lambobi. Ni ina zana rai. A nan za ki ga hawayen manomi, da juriyar hukuma, da hangen nesan Babban Saheb, duk a wuri ɗaya, ba tare da an kunyata kowa ba."

"Ya yi kyau," in ji ta. "Ina aka fi asara?"

"Za mu zo wurin, Madam. Kafin nan, sai an fahimci inuwa."

Ya yi bayanin inuwa. Ya yi bayanin dalilin da ya sa ma'aunin hagu ya fara daga dubu uku, na dama kuma daga inda ya ga ya dace. Ya gabatar da koren aku. Shayin Madam ya yi fata. Ta duba agogo, ta duba bango, ta karkata kai gefe ɗaya, ta mayar ɗaya gefen.

"Mokbul Saheb, motocin iri suna hanya. Direba zai tambaye ni ina zai nufa. Nuna mini da sandar nan taka."

Sanda ta yi yawo a kan ƙyalle. Ta wuce manyan ginshiƙan gaba, ta shiga layin baya, ta tsaya a kan wani ɗan guntu kusa da ƙofar banɗaki.

"Wannan, Madam."

"Wannan ai shi ne ya fi gajarta."

"A ido, Madam. Dogo ne ƙwarai. Nisa ne ya yi."

"To. Na wane yanki ne?"

Ya yi murmushi irin na malamin da aka yi wa tambaya mai sauƙi. Ya fara ƙirga daga hagu, ɗaya, biyu, uku. A na biyar ya tsaya. Ya koma farko. Ya sake tsayawa a na biyar. Sai muka ji yana tambayar kansa, a bayyane, ko layin baya ya gyara shi bayan zuwan Anwarul Saheb ko kafin zuwansa.

"Ni dai a farko nake," in ji Anwarul Saheb. "Ko a wane layi ne."

"Haka ne, Sar. Amma in ban matsar da kai a baya ba, to wannan na Kalmadanga ne. In na matsar, na Nimtola ne."

"Ba nawa ba ne," in ji na Kalmadanga. "Mu mun ɗaure bakin kogi tun da wuri."

"Nawa ma ba haka yake ba," in ji na Nimtola. "Ni koren aku ne, kai ka gaya mini."

Mokbul Saheb ya matsa kusa har hancinsa ya taɓa ƙyalle. Injin mai shago bai san aku ba, bai san kwaɗo ba. Duka ya fitar da su kore ɗaya.

Madam ta ce, "Ba komai. Duk mai wannan ginshiƙi, shi za a fara kai wa iri."

Sai na Kalmadanga ya ce, da ya ƙara dubawa, ginshiƙin ya yi kama da nasa. Na Nimtola ya ce tun daga ƙofa ya gane shi. Anwarul Saheb ya ce in dai rabo za a yi, ba a tsallake babba. Bimal Babu, wanda babu ruwansa da shinkafa, ya ɗaga hannu daga baya ya ce in ba mai shi a ba sashen kifi, tunda gonakin duk sun zama nasa yanzu.

Madam ta juya takardar tsarin taro ta baya, ta ciro biro. Ta tambayi kowane jami'i eka nawa ta nutse masa cikin nawa. Ta ja layi bakwai a kwance, dogon a sama, gajeren a ƙasa, ta rubuta suna a gefen kowanne. Ta ɗaga takardar. Har mu da ke bakin ƙofa mun gani. Boalkandi ce a sama, nesa da kowa, yankin autan jami'ai, wanda bai ce uffan ba tun da aka zauna don ba a zo kansa ba.

Mokbul Saheb ya dubi takardar da tausayi. Ya raɗa mini cewa ko inuwa babu.

Da ta tashi tafiya ta tsaya a gaban ƙyallen ta daɗe.

"Mokbul Saheb, na ga zane-zane a wurare da yawa. Ban taɓa ganin irin wannan ba."

Ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙirji.

"Masu zanenmu na Dhaka, kowa yana iya karanta aikinsu. In ɗaya ya tafi hutu ba a ma lura. Kai kuwa in ka bar garin nan, wa zai karanta musu waɗannan?"

"Babu, Madam," in ji shi. "Wallahi babu ko ɗaya."

"To ka gani. Irin su nawa ne a ofishin nan?"

"Ɗaki guda, Madam. Aikin shekara ashirin."

"Madalla. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka sa suna a ƙarƙashin kowane ginshiƙi, ka rubuta ma'anar kowane launi a gefe, yadda wanda zai gaje ka zai karanta. Ranar da ka gama, ka aiko mini. Kujera ba ta gudu."

Da yamma ya sayo alewar madara ya raba wa ofis gaba ɗaya. Ya ce a gaban shaidu aka faɗa, gundumar nan ba ta iya rabuwa da shi. Bimal Babu ya ci biyu, ya ce shi ma ya ji da kunnensa. Rowshan Bhabi ta tambayi kwana nawa aikin zai ɗauka. Ya ce mata mako ɗaya ya yi yawa, tunda komai yana kansa.

Aka buɗe ɗakin. Takardu a nannaɗe har rufi, wasu danshi ya manne su. Ya warware ta farko, ginshiƙai bakwai masu kyau, ba shekara, ba suna. Kafin ya san wane ne wane, sai ya tuna wa ke riƙe da wane yanki a watan da ya zana ta, da wanda ya riga wani a cikinsu. Wasu sun yi ritaya, wasu sun rasu. Ya nemi waɗanda ke raye a waya. Duk wanda ya samu sai ya ce shi dai a iya saninsa a farko yake tsayawa. Ya warware ta biyu, sai ga da'ira mai yanka goma sha ɗaya. Ya daɗe yana kallonta. Ya tambaye ni ko na tuna shekarar da muka ƙirga wani abu mai shunayya.

Damina ta wuce, wata ta zo. Kujerar Dhaka aka ba wani ya riƙa na wucin gadi, ɗaya daga yaran nan masu matsattsen wando. Na ji har yanzu yana riƙe. Matar yayan Bhabi ta cika kabad da nata kayan, ta ce don kada ƙwari su shiga. Bhabi ta daina nuna wa baƙi bango.

Daga baya ya ce kuskure ne fara aiki daga ƙananan zane-zane, kamata ya yi a fara da babba. Ya koma zauren taro, inda ƙyallen ke rataye har yau don ba wanda ya sami umarnin sauke shi. Ya liƙa farar takarda a gefe. Ya sa rula ya zana akwati, ya jera ƙananan murabba'ai goma sha tara a ciki, ya shafa wa kowanne korensa. A gaban na farko ya rubuta, gonar da ta nutse. A gaban na biyu, gonar da ta tsira. A gaban na uku ya rubuta wani abu ya soke, ya sake rubutawa ya sake sokewa. Ya yi watanni yana zuwa yana tsayawa a gaban na huɗu, hannu a baya, har takardar ritayarsa ta iso.

Ranar da zai tafi, bayan an yi jawabai an rataya masa furanni, ya shiga zauren shi kaɗai da fensir. Da ya fito muka leƙa. Sha biyar na ƙasa suna nan babu komai a gabansu. A gaban na huɗu ya rubuta, da kyakkyawan hannunsa: Kore.

Mun tsaya mun duba, ni da Bimal Babu. Kore ne kuwa. Duk wanda ya shigo, kallo ɗaya yake yi ya gane.